Mai Rufi Ya Yaye Gida Ya Ɓace: Kurakuran Da Ke Sa Masu Gidaje A Amurka Su Yi Biyu-Babu

Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne. Ɗan kwangila ya zo da leburorinsa, a wuni ɗaya a yaye tsohon rufi har katako ya fito fili, a shimfiɗa shuɗin tamfol, a danne bakinsa da guntayen itace. Ya ce kaya na hanya. Daga nan sai gobe, sai jibi, sai waya ta riƙa ƙara ba a ɗagawa. Mako na uku iska ta ɗage kusurwar tamfol, ruwan sama ya samu hanya, tabo ruwan ƙasa ya bayyana a silin ɗakin yara, kullum yana ƙara faɗi. Mai gida ya sa bokiti a ƙasa, ya zauna yana lissafin kuɗin da ya riga ya bayar.

A irin wannan hali abin da ke fara zuwa bakin mutum shi ne: "Ai yana da lasisi, zan kai shi hukuma." Kai shi ɗin daidai ne. Amma a nan babban kuskuren yake, domin mutane da yawa suna zaton da zarar hukumar lasisi ta karɓi koke, kuɗinsu ya dawo. Aikin hukumar shi ne ladabtar da mai riƙe da lasisi. Tana iya jan kunnensa, ta ci shi tara, ta dakatar da lasisin ko ta soke shi, wani lokaci kuma ta umarce shi ya biya ka. Sai dai binciken yakan ɗauki watanni, kuma umarnin biya ba ya tsinana komai a kan mutumin da asusunsa ya bushe. Kuɗinka da rufinka, yawanci abin da kai ka yi da hannunka, kafin ya gudu da bayan ya gudu, shi ke dawo da su ko ya salwantar da su.

Mu fara da kafin alƙalami, don nan ne aka fi zubar da jini. Mai rufi zai ce a ba shi rabin kuɗi ya sayo kaya, maganar kuma ta yi kama da ta hankali. A jihar Kaliforniya doka ta hana shi karɓar kafin alƙalamin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Wato ko aikin na dala 30,000 ne, dala 1,000 ce iyakarsa. Bayan haka ma ba shi da ikon karɓar kuɗin da ya zarce darajar aikin da ya riga ya yi ko kayan da ya riga ya sauke. A Fulorida an bi ta wata hanya: wanda ya karɓi fiye da kashi 10 tun farko, dole ya nemi takardar izinin aiki cikin kwana 30, ya kuma fara aiki cikin kwana 90 bayan an ba da izinin. Duk jihar da kake, gyaran guda ne: kada kuɗi su riga aiki. A rubuta a yarjejeniya cewa kaza za a biya idan kaya suka sauka a ƙofar gida, kaza idan an gama shimfiɗin ƙasa mai hana ruwa, ragowar kuma sai mai duba gini na ƙaramar hukuma ya sa hannu. Ni a ganina, ɗan kwangilar da ba zai iya sauke kayan rufi ɗaya ba sai da kuɗinka, ya riga ya gaya maka halin da kasuwancinsa ke ciki. Sau da yawa da kuɗinka zai toshe ramin aikin wani, sannan ya jira na gaba ya toshe naka. Kaliforniya ta ɗauki wannan karkatar da kuɗin a matsayin laifi mai zaman kansa.

Kuma a biya ta ceki ko katin banki, a karɓi rasit. Tsabar kuɗi hannu da hannu ba ta barin sawu.

Lasisin kansa ma ba kowa ke dubawa ba. An ga lamba a jikin mota ko a katin kasuwanci, shi ke nan hankali ya kwanta. Hukumar lasisin 'yan kwangila ta Kaliforniya, wato CSLB, wadda aka kafa tun 1929, tana da shafin intanet inda kowa zai iya saka lambar ya ga ko lasisin na raye, sunan wa ke kai, da ko an taɓa hukunta shi. Lasisin rufi a can ajinsa C-39 ne. Abin lura shi ne sunan da ke kan lasisi ya zama shi ne a kan yarjejeniya, shi ne kuma a kan ceki, saboda akwai masu aron lambar wani su yi aiki da ita. Jihohi sun bambanta ƙwarai a nan. Teksas, alal misali, ba ta da lasisin jiha na masu rufi, don haka mazaunin can ba shi da irin wannan hukumar da zai kai wa kuka. Idan kuma mai rufi ya ce ka je ka karɓi takardar izinin aiki da sunanka wai don a rage kashe kuɗi, ka ƙi. Wanda sunansa ke kan takardar shi hukuma ke kamawa idan aiki ya ɓaci.

To, ya riga ya tafi. A nan ne fushi yake ɓata wa mutane shari'ar da take tasu. Sashe na 7107 na dokar sana'o'i ta Kaliforniya ya ce barin aiki ba tare da uzurin da doka ta yarda da shi ba dalili ne na ladabtarwa. Wannan maganar ta uzuri ita ce ƙofar da ɗan kwangila ke neman fita ta cikinta, kuma masu gida da kansu suke buɗe masa. Ka kira shi cikin zafin rai ka ce kada ya sake taka maka gida, ko ka rufe ƙofa da kwaɗo, ko ka riƙe kuɗin da lokacin biyansa ya riga ya yi: ranar da mai bincike ya tambaye shi, zai fito da saƙonka ya ce korarsa aka yi. Kuma a gaskiya akwai lokutan da uzurin nasa na hakika ne, kamar mai gida ya canja tsarin aiki a tsakiya ya ƙi ƙara kuɗi. Hukuma ɓangare biyu take saurara.

Abin yi shi ne ka haɗiye fushin ka rubuta wasiƙa. Gajeriya, ba zagi, ba barazana: ga ranar da muka ƙulla, ga abin da na biya, ga ranar ƙarshe da aka yi aiki, ƙofa a buɗe take, ina neman ka dawo kafin rana kaza ko ka mayar mini da kuɗin aikin da ba a yi ba. A aika ta gidan waya da rajista, irin wadda ake dawo maka da shaidar an karɓa. A Fulorida wannan wasiƙa tana da nauyi na musamman, domin idan kwana 30 suka wuce da karɓarta bai fara aiki ba kuma bai mayar da kuɗi ba, ana iya ɗauka cewa ba shi da hujja, abin ma yana iya kaiwa ga tuhumar laifi. Dokar jihar kuma tana ɗaukar aiki a matsayin wanda aka yasar idan aka yi kwana 90 a jere ba a taɓa shi ba babu dalili. Waɗannan kwanakin sai da takarda ake ƙirga su. "Na kira shi ya fi sau ashirin" ba ya shiga fayil.

Akwai wani kuskuren da nake tausaya wa masu yin sa, don larura ce ke tura su. Ruwa na zuba, mutum ya ɗauko wani mai rufin ya ƙarasa aikin cikin kwana biyu, sai daga baya ya shigar da koke. Mai binciken hukuma ya zo ya tarar da sabon rufi fes, ba abin da zai gani. A Arizona doka ma ta ɗaure wa hukumar hannu wajen tuhumar ɗan kwangila da rashin ingancin aiki idan an riga an sauya aikin. Ba wai ka zauna gida ya lalace ba. Ka sa a gyara tamfol, a toshe inda ke yoyo, ka ajiye rasit ɗin hakan, domin kamfanin inshora da kotu duk suna sa ran ka tsayar da ɓarnar gwargwadon iko. Amma kafin a buga ƙusa ɗaya ta sabon aiki, ka ɗauki hoto da bidiyo ta kowace kusurwa, har cikin silin, ka nemi masu lasisi biyu ko uku su rubuta maka abin da aka yi, abin da ya rage, da abin da ƙarasawa za ta ci. Sannan ka tambayi hukuma ko za ta turo mai dubawa. Bambancin da ke tsakanin ragowar kuɗin yarjejeniyar farko da kuɗin ƙarasawa, shi ne asararka a lissafin shari'a.

Jinkiri ma yana kashe koke. Arizona shekara biyu ta bayar, Kaliforniya shekara huɗu ga laifin da ke bayyane. Kada wa'adin ya ruɗe ka, ka shigar da wuri, ga dalili. Kowane mai lasisi a Kaliforniya yana da takardar lamuni ta dala 25,000 tun daga farkon 2023, wadda wani kamfani ya tsaya masa a kai. Wannan kuɗin ba na kowane aiki ba ne, na duk masu binsa ne gaba ɗaya, kuma wanda ya yasar da gidanka da wuya a ce kai kaɗai ya yi wa. Nema daga kamfanin lamunin hanya ce daban da koken hukuma, sai ka bi ta da kanka. Wasu jihohin suna da asusun diyya: na Arizona yana biyan har dala 30,000, na Nebada har dala 40,000. Fulorida ma tana da nata, amma sai kana riƙe da hukuncin kotu, ko na sasanci, ko umarnin biya daga hukuma. Dukkansu sharaɗinsu shi ne wanda ya cuce ka ya kasance mai lasisi. Kaliforniya ba ta da irin wannan asusu, sai dai tana da wani makami: kotun ƙananan ƙararraki tana sauraron da'awar mutum har dala 12,500 ba da lauya ba, kuma idan ka samu hukunci ka kai wa CSLB, ɗan kwangilar da bai biya ba cikin kwana 90 ana dakatar da lasisinsa. Mai son ci gaba da sana'a yakan nemo kuɗin a wannan gaɓar.

Saura abu ɗaya da ke faɗo wa mutane ba zato. Ka biya ɗan kwangila, shi kuma bai biya kamfanin da ya ba shi kaya ba. Dokokin Amurka sun ba mai kayan da leburori damar ɗora bashinsu a kan gidanka, ta yadda sayarwa ko karɓar rance da gidan zai gagara sai an warware. Shi ya sa takardar sanarwa da mai kaya ke aikowa a farkon aiki, cikin kwana 20 a Kaliforniya, kwana 45 a Fulorida, ba ta kwandon shara ba ce. Ita ce ke gaya maka wanda zai iya biyo ka. Ka ajiye ta, kuma duk biyan da za ka yi ka karɓi takardar da ke nuna an sallami masu kayan, ko ka rubuta ceki ɗaya da sunan ɗan kwangila da na mai kaya tare. Idan kuma ya riga ya gudu, ka kira lambar da ke kan sanarwar yau ɗin nan, ka tambaye su nawa suke binsa a kan adireshinka, ka sa su rubuto maka, ka haɗa da sauran takardun koken.