Yadda ake gyara ƙafa da tayoyin tsohuwar MGB ta riƙe kwana

MGB ƙaramar motar tsere ce da aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980. Mai ita kan yi kukan tana tangaɗi a kwana, sai ya ruga sayen sifirin mai tauri. Ba nan ake farawa ba.

Da farko a ɗaga gabanta a kan jak, a tokare da ƙarfe, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, sandar da tayar ke juyawa a kanta ta cinye, yawanci don an daɗe ba a ba ta giris ba. A gyara wannan tukuna. Sannan bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa: robar da ta shekara arba'in ta zama gawayi. Na hannun ƙasa a gaba, a sa irin na MGB mai injin V8, sun fi ƙarfi. Akwai kuma na roba mai tauri, sai dai su kan kawo jijjigar hanya har cikin kujera. Kada a ɗaure notinsu tam sai an sauke motar ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage da wuri.

Shokozobarta ba dogon bututu ba ce irin ta motocin yanzu, mai hannu ce da mai a ciki, kuma ta gaba ita ce hannun sama na ƙafar. A danna kusurwar motar a saki. In ta yi ta lilo, ko ana ganin jiƙar mai, a sauya shokozobar da wadda aka gyara. A ganina wannan ya wadatar, ba sai an kashe kuɗin mayar da ita ta zamani ba.

Sai tsayi. A 1974 dokokin Amurka sun sa aka sa mata bamba ta baƙar roba, aka ɗaga ta kusan inci ɗaya, abin da ya ɓata mata kwana. Mai irin wannan ya sa gajeren sifirin a gaba, ya sauke bayan daidai da shi. Sifirin gaba a matse yake, in ya kuɓuce yana iya karya hannu, a bar wa makaniken da ya saba. Sandar da ke hana mota kwanciya a kwana kuma, mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci a gaba ta isa.

Taya ita ce ke taɓa kwalta. Wilin motar inci 14 ne, kuma taya mai lamba 165 ko 185/70 ke dacewa. Wuce haka sai sitiyari ya yi nauyi, don ba shi da fawa, tayar kuma ta riƙa gugar jiki. A duba lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Zane na iya zama sabo fil alhali robar ta bushe. A sa huɗu iri ɗaya. In wilin mai wayoyi ne, yawanci sai da tub.

Daga nan a kai motar alaimen, a gwada ta a fili, a riƙa ƙara iska ko ragewa kaɗan-kaɗan har gaba da baya su bi kwana tare.