Yadda Ake Sama wa Yaro Gurbi a Makarantar Gwamnati a Makka da Jidda

Gurbin aji ɗaya a makarantar gwamnati ba ranar buɗe makaranta ake nemansa ba. Wata da watanni kafin nan Ma'aikatar Ilimi take buɗe rajista a manhajar Noor, kuma duk wanda ya jira sai ya ga yaran maƙwabta sun goya jaka, to ya makara. Abin da ke hana yaran unguwanninmu shiga, daga Shara Mansur da Rusaifa a Makka har zuwa Jidda, galibi takarda ce guda da ba ta dace da 'yar uwarta ba.

Fara da lambar yaron. Noor ba ta san yaro da suna ba, da lamba goma ta san shi: ta ɗan ƙasa tana farawa da 1, ta mai iƙama (katin izinin zama na baƙo) da 2. Idan kai mai iƙama ne, tsarin a jere yake kuma ba a tsallake mataki: sanarwar haihuwa daga asibiti, takardar haihuwa daga Ahwal Madaniyya (ofishin rajistar jama'a), fasfo daga ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku a Jidda, sannan Jawazat (hukumar shige da fice) su ba yaro iƙamarsa a ƙarƙashinka. Iƙamar da ta ƙare tana tsayar da komai, kuma ba a sabunta ta sai an biya kuɗin iyali, wanda aka fara a 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai 400 tun 2020. Mai yara huɗu ya yi wannan lissafi tun da wuri. 'Ya'yan mace 'yar Saudiyya kuwa, ko ubansu baƙo ne, a harkar karatu ana ɗaukarsu kamar 'yan ƙasa, don haka a tanadi katin uwar da takardar da ke nuna ita ta haife su.

A nan ne rubutun suna ke cin mutane. Fasfo ya ce Usman, takardar haihuwa ta ce Usmanu ko Osman, iƙama kuma ta rubuta shi da Larabci ta wata siga. Ranar haihuwa ma haka: wata takarda da Hijiriyya, wata da Miladiyya, wanda ya juya ya yi kuskuren kwana ɗaya. Ka shimfiɗa takardun uku a gabanka ka bi su harafi da harafi. Gyara a aji ɗaya aikin 'yan kwanaki ne. Gyara bayan an buga shaidar sanawi (sakandare) aiki ne mai cin rai.

Shekaru: shida cif a farkon shekarar karatu. Ana sassauta wa wanda ya rage masa kwana 90, da wanda ya rage masa har 180 idan ya yi rauda (nazare) kuma akwai shaida. Ma'aikata tana fitar da ainihin ranakun haihuwar da za a karɓa kowace shekara, su za ka duba maimakon ƙidaya da yatsa.

Sai adireshi, wanda shi ne ainihin siyasar al'amarin. Noor tana nuna maka makarantun da ke kewayen gidanka ne, gwargwadon adireshin ƙasa da ka yi wa rajista, unwanul watani, wanda gajerensa haruffa huɗu ne da lambobi huɗu. Makaranta kuma za ta so ganin shaidar zama: yarjejeniyar haya da aka yi ta Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, ko takardar mallakar gida, ko takardar kuɗin wuta. Matsalarmu sananniya ce. Gida ɗaya, iyalai uku, mita ɗaya da sunan mai gidan da ya rasu tuntuni, haya kuma ta baki ce da amana. Bayan rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021, wanda ya shafi unguwanni irin su Ghulail da Petromin da Karantina, iyalai da yawa sun koma wasu wurare amma adireshinsu na nan a kan gidan da babu shi. Irin wannan uba zai buɗe Noor ya ga makarantun tsohuwar unguwa. Ka sabunta adireshin kafin a buɗe rajista, kuma ka lallaɓa mai gida ya shigar da hayar a Ejar da sunanka, ko da zai ce ka biya kuɗin rajistar.

Umdan unguwa, wato mai unguwa, yana da amfani a nan, amma a san iyakarsa. Zai iya rubuta maka shaidar cewa kana zaune a unguwarsa, yawanci bayan ka zo da katinka da mutanen da suka san ka. Ba ya raba gurbi, ba ya umartar mudir, wato shugaban makaranta. Ka je masa da kanka tun ba ka da buƙata, ka gaishe shi, ya san fuskarka. Wanda ya fara ganinka ranar da kake neman hatimi zai yi ta tambayoyi, kuma yana da gaskiya.

Lafiya ba ta da wuya. Katin rigakafi ya cika, sannan a kai yaro gwajin sababbin ɗalibai a asibitin unguwa; ana kama lokaci ta manhajar lafiya ta Sehhaty.

Ranar rajista, uba ko waliyyi ne ke shiga Noor da asusunsa, kuma lambar wayar da ke kai ta zama tana hannunka, domin ta nan saƙonni za su zo. An saba fara buɗe wa 'yan ƙasa da 'ya'yan 'yan ƙasa mata, daga baya waɗanda ba 'yan ƙasa ba, kuma gurabun da ke saura ba su da yawa. Saboda haka ka shiga a ranar farko ta rukuninku, kada ka zaɓi makaranta ɗaya tak ka tsaya, cika duk zaɓin da aka ba ka. Ka lura da nau'in makarantar: akwai ta tahfizul Kur'ani ta gwamnati, akwai kuma ta tufula mubakkira, inda malamai mata ke koyar da yara maza a azuzuwan farko. Wasu iyaye sai bayan an karɓi yaro suke gane abin da suka danna. Ka ɗauki hoton shafin ƙarshe da lambar buƙatarka.

Idan duk sun cika, kada ka yi ta zagaya mudirai kana roƙo. Hannunsu a ɗaure yake da abin da manhaja ta nuna. Idarar ilimi (hukumar ilimi) ta yankin ce ke rarraba yaran da suka rage, sashen karɓar ɗalibai. Ka shigar da ƙorafi a rubuce ta Tawasul, shafin ƙorafi na Ma'aikatar Ilimi, ko ka kira 19996, ka riƙe lambar ƙorafin. In ku da yawa ne a layi ɗaya, kowa ya shigar da nasa, sannan ku naɗa dattijo ɗaya mai Larabci mai kyau ya bi sawu. Ƙorafi goma masu lamba sun fi taron mutum talatin a bakin ƙofa. Haka ma abin da ya shafi hanyar makaranta, kwata da ta fashe, fitilar titi da ta mutu, shara da ta taru a bakin katanga: wannan na baladiyya ne, wato hukumar birni, a kira 940 ko a shiga manhajar Balady, da hoto da wurin.

Yaron da ya fara karatu a Kano ko Damagaram sai an yi masa mu'adala, wato daidaita karatunsa da na Saudiyya. A zo da sakamakonsa na ƙarshe da hatimin hukumomin ilimi da na harkokin waje na can da na ofishin jakadancin Saudiyya, a fassara shi zuwa Larabci a ofishin fassara mai lasisi. Kada ka yi mamaki idan aka gwada shi aka mayar da shi aji ɗaya baya saboda Larabci. Hakan ya fi a jefa shi inda ba ya jin malami.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: shigar da yaro da takardun ɗan wani, ko ba wa mu'aƙƙib (ɗan kwangilar bin takardu) kuɗi don ya ce yana da hanya a cikin Noor. Laifi ne, kuma shekara goma sha biyu na karatu za su tafi da sunan da ba nasa ba.

Bayan an karɓe shi, ka buɗe masa Madrasati, manhajar darussa ta Ma'aikatar, ka ajiye lambar wakilin makaranta, wato mataimakin shugabanta. Karatu Lahadi zuwa Alhamis ne, kuma kalandar Makka da Madina da Jidda da Ta'if takan ɗan bambanta da ta sauran ƙasar saboda aikin Hajji, don haka ka bi sanarwar idararku maimakon abin da ke yawo a WhatsApp. Fashi ba uzuri yana cin makin muwazaba (halartar makaranta), idan ya taru kuma waliyyi ake kira; duk ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, a karɓo takardar likita a miƙa wa makaranta cikin makon.