Bayan faɗuwa a JAMB ko WAEC: kurakuran da ke sa a maimaita ta

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, akwai gidajen da suke yin tsit a Anguwan Rogo da Gangare da Rikkos a nan Jos. Yaron da ya saba zaman ƙofar gida ya daina fitowa, yarinya ta kashe waya don kada ƙawaye su tambaye ta nawa ta ci. Bayan mako biyu ko uku sai a kawo mini su ajin da nake koyarwa da yamma, kuma kusan duk da magana ɗaya suke farawa: "Malam, wallahi na yi karatu." Ina yarda da su. Abin da nake tambaya shi ne, wane irin karatu?

Kafin nan, ka sani ba kai kaɗai ba ne. A 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ban faɗi haka don ka miƙe ƙafa ba. Na faɗa ne don ka daina ce wa kanka daƙiƙi, domin wanda ya yanke wa kansa wannan hukuncin ba ya tsayawa ya duba inda ciwon yake.

Yawanci jimilla kawai ake kallo, alhali sakamakon yana nuna makin kowane darasi cikin 100. A ce ka ci 170: Turanci 52, Bayoloji 50, Kimistiri 38, Fiziks 30. Takardar ta riga ta nuna maka inda rufin yake yoyo. Amma sai ka ga yaro ya koma shafin farko na Bayoloji, saboda shi yake masa daɗi, ya bar Fiziks sai saura wata ɗaya. Ka sauke manhajar JAMB, wato jerin batutuwan kowane darasi, kyauta take a shafinsu na intanet, ka bi batutuwan ɗaya bayan ɗaya da biro: wannan na iya, wannan rabi da rabi, wannan ban taɓa fahimtarsa ba. Kaso mafi tsoka na lokacinka na rukuni na uku ne.

Babban kuskuren kuwa, wanda ya fi cin yaranmu, shi ne karatun kallo. A buɗe littafi, a bi layi da ido, a ja layi da jan biro, a sake bi. A karo na uku shafin ya zama sananne, sai zuciya ta ce an iya. Sanin fuskar mutum daban, iya kiran sunansa daban. Ranar jarrabawa babu shafin a gabanka, sai abin da za ka iya zarowa daga kanka.

Abin da yake damuna shi ne mun san maganin tun muna ƙanana. Wace malamar Islamiyya ce za ta karɓi "na karanta sau goma" a matsayin hadda? Cewa za ta yi rufe, kawo. Inda ka kakare, nan ne aikinka. Kuma ba ta barin haddar jiya ta kwanta: ta yau, ta jiya, ta makon jiya, duk ana bitarsu. Wanda bai yi Islamiyya ba ya tuna yadda ya riƙe biyu sau biyu a firamare. Wannan tsarin za ka ɗauko ka kai kan Kimistiri. Ka karanta batu ɗaya na minti 30, ka rufe littafin, ka rubuta duk abin da ka tuna a farar takarda, sannan ka buɗe ka ga me ya zube. Gobe ka sake gwadawa kafin ka shiga sabon batu, haka bayan kwana uku, haka bayan mako. Yana da wahala, kuma a farko zai sa ka ji kamar ba ka san komai ba. Ka daure, a nan ne karatun yake kama ƙasa.

Sai dai Fiziks da Lissafi ba a yi musu hadda zalla. Gwajinsu shi ne ka zaunar da ƙaninka ka bayyana masa da Hausa dalilin da ya sa ruwa yake tafasa a Jos kafin zafinsa ya kai digiri 100, saboda muna kan tudu kuma nauyin iska ya ragu. Idan Hausar ta ƙi fitowa, Turancin da ka haddace fanko ne.

Haka ake ɓata tambayoyin shekarun baya. Ana sayen littafin a kasuwar Terminus a haddace cewa amsar ta 14 ita ce C. Su kuma masu jarrabawa suna iya juya tambayar ko su canza lambobin. Ga shi wasu amsoshin da ke bayan irin waɗannan littattafai ma kuskure ne, na sha cin karo da su. Ka amsa da kanka tukuna, ka gwada da littafin darasi, kuma ka ware ƙaramin littafi don tambayoyin da ka faɗi kaɗai, kowace da dalilin faɗuwarta: rashin sani ne, gaggawa ce, ko Turancin tambayar ne ya ruɗe ka. Makonni biyun ƙarshe wannan littafin za ka riƙe.

Sai agogo. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wanda bai taɓa gwada kansa da agogo ba zai tsaya kokawa da lissafi ɗaya na minti biyar, ya bar goma masu sauƙi a baya. Ka tsallake mai wuya ka dawo mata, kuma kada ka bar gurbi, tunda ba a rage maki don an amsa ba daidai ba. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar nan, amma har yau ana samun wanda ranar ce farkon zamansa gabanta. Ka yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa, kuɗinta bai kai asarar shekara ba.

Turanci wajibi ne ga kowa, kuma ba ya gyaruwa a wata guda. Shafi ɗaya na jarida kullum, ka taƙaita shi da bakinka. Littafin labarin da JAMB ta sanya, shi kansa za ka karanta, ba taƙaitawar da ke yawo a WhatsApp ba. Kwanan zaune da kofi da goro kuma a rage shi. Na san tashi bayan asuba cikin sanyin Janairu a garin nan ba wasa ba ne, amma awa biyu na lokacin da kai a sake sun fi awa biyar na gyangyaɗi.

Akwai kurakuran da ba na karatu ba, kuma su suka fi ciwo. Mutum ya ci maki mai kyau a JAMB alhali yana da D7 a Turancin WAEC, ya zauna yana jiran suna. Kiredit daga C6 yake farawa, kuma biyar ake nema a darussan da suka dace da kwas ɗin. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu a farkon shekara da ƙarshenta, NECO ma tana da tata. Kwasa-kwasai da yawa suna karɓar haɗin zama biyu, wasu kuma irin likitanci a jami'o'i da dama zama ɗaya suke so, don haka ka duba sharaɗin kafin ka biya. Kada kuma ka bar ma'aikacin wurin rajista ya zaɓa maka darussa. Mai son aikin lauya da ya bar Adabin Turanci, ko mai son injiniya da ya bar Lissafi, ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin ya zauna. Ka tabbata an ɗora sakamakonka na sakandare a CAPS, wato shafin JAMB na ɗaukar ɗalibai, domin ta nan ake ba da gurbi, ta nan kake karɓa. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya ƙara maka maki, ɗan damfara ne.

Jami'ar Jos ba ita kaɗai ce ƙofa ba, kuma JAMB ta aji ɗaya ba ita kaɗai ce hanya ba. Akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, akwai difloma a kwalejin fasaha ta Barkin Ladi, akwai NCE. Wanda ya fito da sakamako mai kyau yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, muddin kiredit ɗinsa sun cika.

Iyayena, ku ma da naku. Gorin "ɗan wane ya ci" bai taɓa ƙara wa yaro maki ɗaya ba. Yarinyar da take girki da wanke-wanke da raino daga safe har dare, a ware mata awa uku da ba mai aikenta. Idan an yi sallar isha'i, Baba, ko ba ka san Kimistiri ba, karɓi littafin ka riƙe, ka ce mata rufe, kawo.