Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a lissafin gogayya da fuli

Idan jarrabawar WAEC da NECO ta matso, ɗalibanmu na ƙauyukan Ringim da Gumel sukan zubar da maki a tambayar kaya da igiya da fuli (ɗan wili da igiya ke bi ta kansa), saboda gaggawar ɗauko fomula tun ba a zana hoto ba.

Mafi yawa suna ɗauka jan da ke cikin igiya kullum daidai yake da nauyin abin da ke rataye. Haka ne kawai idan abin na tsaye, ko gudunsa bai canzawa. Ga misali: katako mai kilo 6 a kan tebur, an ɗaure shi da igiya ta bi ta fuli, dutse mai kilo 4 na reto a ɗaya bakin, μ (lambar auna gogayya) = 0.5, g (ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa ƙasa) = 10. Nauyin dutse niyuton 40 ne, gogayya 30 (μ sau nauyin katako, 0.5 × 60), saura 10. Wannan 10 ɗin kaya biyu take ja, don haka ka raba da kilo 10, kada ka raba da 4 kawai. Ƙaruwar gudu ta zama 1, jan igiya kuma 4 × (10 − 1), wato 36. Da 40 ne, ai dutsen ba zai fara sauka ba. Zana kowane kaya shi kaɗai da kibiyoyinsa, sannan ka rubuta F = ma (ƙarfi daidai yake da kilo sau ƙaruwar gudu) ga kowannensu.

Sai gogayyar abin da bai motsa ba. Buhun gero mai kilo 50 a daɓe, μ = 0.4, iyakar gogayyarsa 200. Ka tura da 120, buhu ko gezau: gogayyar 120 ce. μN (N ita ce ƙarfin da daɓe ke tokare buhu da shi) iyaka ce, sai buhu na gab da zamewa ake kai mata. Ko masu ƙoƙarin aji na faɗawa nan.

A gangare kuwa, kamar katakon da ake jingina wa a-kori-kura, N ba mg (nauyin kaya) ba ce, mg cos θ ce, θ kuwa kusurwar gangaren. A digiri 30 buhun nan zai ba da kusan 433.

Fulin da aka kafe a bakin rijiya bai rage nauyin guga ko kaɗan, alkiblar ja kawai yake juyawa. Wanda ke tafiya tare da kaya shi ke raba ƙarfi biyu, amma sai ka ja igiya ninki biyu.