Yadda Ake Ɗaukar Sautin Kakaki da Algaita a Ƙofar Fada Ba Tare da Ya Tsage Ba

Ranar hawan sallah a Damagaram, kowa a ƙofar fada waya ce a hannunsa, a ɗage sama. Hoton yakan fito tas: dawakai, rawuna, jajayen rigunan dogarai, zanen bangon Birni. Sai an koma gida an kunna ake jin ɓarnar. Kakakin ya koma kamar ana yaga buhu, algaitar na sukan kunne, gangar kuwa iska ta haɗiye ta. Akan ɗora wa waya laifi, alhali sau da yawa ba ita ba ce. Abu uku ke kashe sauti a fili: ƙarar da ta fi ƙarfin na'ura, iska, da tsayawa a mugun wuri. Dukkansu a wurin ɗauka ake maganinsu. Kwamfuta ba ta ɗinke sautin da ya riga ya tsage.

Kayan aiki

Ƙaramar rakoda ta hannu ta wadatar. Zoom H1n na cin ƙananan batura biyu masu lamba AAA, Tascam DR-05X kuma biyu masu lamba AA. Kowacce na da makirfo biyu a kai, kuma tana jure ƙarar da ta kai desibel 120 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), abin da ke da amfani a gaban kakaki. Ka haɗa da hular gashi ta rufe makirfo, da abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya, da ƴar sanda ko ƙafa uku, da katin ajiya na giga 32.

Kati dai a yi hattara. Na bogi sun cika kasuwa: an rubuta 32 a jiki, cikinsa bai kai haka ba, kuma ba zai nuna maka ba sai ya cika ya soma cinye abin da ka ɗauka da farko. Ka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, wadda kyauta ce, sannan ka goge shi a cikin rakodar kanta, ba a waya ba.

A saiti, zaɓi WAV, wato nau'in fayil da ba ya matse sauti kamar MP3, sannan ingancin ɗauka kilohaz 48, bit 24. Wannan na cin kusan mega 17 a minti, wato giga ɗaya da ɗan ɗoriya a awa, don haka kati guda zai kai ka kusan awa 30. Babu dalilin ɗauka da MP3 don tsimin wuri.

Daidaita ƙara, inda akasari ake faɗuwa

A fuskar rakoda akwai ma'auni mai lambobi da ke hawa daga ƙasa zuwa sifiri. Sifirin nan rufi ne. Da sauti ya taɓa shi, sai na'ura ta datse kan igiyar sautin, abin da kunne ke ji a matsayin tsagewa ke nan. Abin da ake so shi ne ƙara mafi ƙarfi ta tsaya wajen -12, in ta yi tsalle ta kai -6, kada ta wuce.

Ga tarkon. Mutum ya isa da wuri, ana ɗan taɓa ganga, algaita ɗaya na gwaji, sai ya murɗa ƙara har ma'auni ya cika, ya ji daɗi a kunne. Can sarki ya fito, kakaki uku ko huɗu suka ɗauka lokaci guda, mata suka saki guɗa, komai ya daki rufi. Don haka ba da gwajin makaɗa ake auna ƙara ba. Ka jira busar kakaki ta farko ka daidaita da ita. In babu hali, ka bar kiɗan gwaji yana yawo wajen -24. Zai yi maka kamar ya yi ƙasa da yawa. Bar shi. A bit 24 kana iya ɗaga shi daga baya ba tare da hugi mai damuwa ya biyo ba. A kan H1n, wadda dabaran ƙararta ke tafiya daga 0 zuwa 10, ka soma daga 3 ko 4, sannan ido a kan ma'auni.

Maɓallin AUTO LEVEL ka kashe shi. Aikinsa shi ne ya rage ƙara in an yi ƙarfi, ya ƙara in an yi shiru, sai ka ji kiɗa na numfashi, hayaniyar jama'a na tasowa tsakanin kowace busa. LIMITER kuwa a bar shi kunne, don ranar da aka harba bindiga kusa ko doki ya yi haniniya a kanka, amma shi kariya ce kawai. In ka ga yana aiki a kai a kai, ƙararka ta yi yawa. Akwai sababbin rakoda masu bit 32, irin su Zoom H1essential, da ba sa buƙatar wannan daidaitawa, sai dai ko su ba sa hana makirfon kansa ƙoshi idan ka cusa shi a bakin kakaki.

Inda za ka tsaya

Kakaki doguwar ƙahon ƙarfe ce, sautinta gaba yake harbawa kamar kibiya. Wanda ya tsaya daidai bakinta zai kwashi ƙara zalla, sauran kayan kiɗa su ɓace. Ka koma gefe, a karkace, tazarar mita huɗu zuwa shida. A fili, duk sanda ka ninka tazara ƙara na raguwa da desibel 6: daga mita biyu zuwa huɗu ka rage 6, zuwa takwas ka rage 12. Taku uku baya sun fi murɗa dabaran ƙara amfani.

Algaita ba ta kai kakaki ƙarfi ba, amma ta fi ta kaifi, kuma ba ta yankewa, domin mai busa na shaƙar iska ta hanci yana turo wadda ya tara a kumatu. In ta fuskanci makirfo kai tsaye minti biyar, mai sauraro zai gaji. Ka sa makirfo ya kalli masu ganga, algaita ta shigo ta gefe. Ganga ce ke ba kiɗan jiki, kuma ita ce ta farko da ke ɓacewa in an yi nisa.

Ɗaga rakoda sama da kawunan mutane, kamar mita biyu daga ƙasa. A tsayin ƙirji, hirar na kusa da kai za ka ɗauka. Kada ka manne da bango ko ka shige zaure, amsa-kuwwa za ta dagula bugun. Kada kuma ka riƙa juya ta kana bin kowane doki; mai sauraro zai ji kiɗan na yawo daga kunne zuwa kunne. Hannu ma na da tasa ƙarar: motsin yatsa a jikin roba na shiga kamar tsawa, shi ya sa sanda ta fi.

Kirarin maroƙi ba zai fito sosai daga wannan wuri ba. In shi kake so, ka nemi maroƙin bayan an watse, ka ɗauka a tazarar kamu biyu daga bakinsa. Kafin komai ma, a gaida dogarai a nemi izini, a sanar da shugaban makaɗa, a kuma tanadi abin hasafi. Dogarin da ka gaisa da shi shi zai nuna maka inda dawakai ba sa bi. Hular gashi a kan doguwar sanda na iya firgita doki, kada ka miƙa ta ta gabansa.

Iska, ƙura da zafi

Soson da ke zuwa da wasu na'urori na cikin ɗaki ne. Iskar hunturu, ko wadda ke gaban hadari, sai hular gashi. In babu, safa mai kauri a kan soso na ragewa, ko da yake tana ɗan dushe sauti. Ka ba iska baya, jikinka ya zama garkuwa. Maɓallin LO CUT a kan 80 na yanke gurnanin iska da na injin wuta. Kada ka wuce haka, domin zai tafi da ƙasan ganga.

Ƙura na shiga ragar makirfo da ramin kati. Rakoda ta zauna a leda mai zif har sai za a kunna, a share ta da burushi mai laushi, kada a hura da baki. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su su yi aiki har zuwa digiri 40, Afrilu da Mayu kuwa a Zinder, wato Damagaram, ana wuce nan. Farin ƙyalle a jikinta na taimakawa, ban da kan makirfo. Batir a sa sabo kafin a fara, a guji masu arha marasa nauyi, don sukan mutu farat ɗaya, fayil ɗin da ba a rufe ba kuma na iya lalacewa. In masu caji ne, ka shiga saiti ka zaɓi Ni-MH, in ba haka ba alamar batir za ta yi maka ƙarya.

In waya kaɗai gare ka

Sa ta a yanayin jirgi, kira ko neman layi na jefa ƙara a sauti. Ka ƙara nisa, mita takwas ko goma, tunda ita ke daidaita ƙararta da kanta. In za ka haɗa makirfo ta ramin abin sauraro, duba kan fulogin: waya na son mai zobe uku, kamara da rakoda mai zobe biyu. In ka sa mai biyu a waya, za ta ci gaba da ɗauka da nata makirfon kana zaton naka ke aiki. Ƙwanƙwasa shi da farce ka saurara kafin ka yarda.

Haɗawa da hoto

Bayan ka kunna kamara da rakoda, ka yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kamara, shi ne alamar da za ka jera su a kai. Cikin zafi sauti na tafiyar kusan mita 350 a daƙiƙa, wato a bidiyo mai hoto 25 a daƙiƙa kowace mita 14 na jawo jinkirin hoto ɗaya. In kamara na nesa da makaɗa, ka jera da saukar gula a kan ganga, ba da sautin kamara ba.

A Audacity, manhajar gyaran sauti a kwamfuta, ka yanke farko da ƙarshe, ka ɗaga ƙara har ƙololuwarta ta kai -1. Kada ka matsa wa abin cire hayaniya, yakan mai da algaita kamar ana busa ta a cikin randa. Ajiye WAV ɗin asali a wuri biyu, da kwanan wata da sunan taron a kansa, ka fitar da MP3 na 192 don rabawa. Bidiyo kuma in za ka tura wa makaɗan ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura ta hanyar da aka saba za ta matse shi.