Yadda nake motsa jiki duk da nawar tumbi

Shekara uku kenan da likita ya gaya min sunan abun da ke damuna, bayan na daɗe ina ta shan maganin olsa ba wani sauƙi. A asibiti gastirofarisis suke ce masa, ni kuma nawar tumbi nake kiransa don abun da yake yi kenan, ka ci abinci da safe har bayan azahar yana nan zaune bai sauka hanji ba alhali babu abun da ya toshe hanya. Akwai wata jijiya da ake kira bagos, ita ke sa naman tumbi ya matse ya tura abinci gaba, toh in ta samu matsala sai tumbin ya yi sanyi. Ni ciwon suga ne ya jawo min, wasu bayan tiyata ne, wasu kuma da yawa ba a gano dalili. A gwajin ana ba mutum abinci a riƙa ɗaukar hoton cikin har awa 4, in fiye da kashi 10 cikin 100 na nan bai wuce ba sai a ce tumbi na nawa.

Da farko kwanciya na koma yi, don wanda ke fama da tashin zuciya da kumburin ciki wallahi ko zuwa bakin titi aiki ne. Amma kwanciyar nan ta ƙara min rauni, ƙafafuna suka saki, bayan gida ya yi tauri, suga kuma ya ƙi zama wuri ɗaya. Sai na gane cewa motsin dole ne, abun da zan koya kawai shi ne lokacin da cikina zai yarda da shi.

Lokacin da ya fi min shi ne bayan asuba kafin na sa komai mai nauyi a ciki, don a sannan tumbin ya samu daren gaba ɗaya yana sauke na jiya. Ina shan rabin kofin koko mai ruwa ruwa, ba ƙosai ba komai na mai, saboda abu mai ruwa ya fi saurin wucewa, maiƙo da ganye mai yawa irin su zogale da rama da kuma wake su ke daɗewa. Na fara da minti 5 a cikin layinmu, bayan sati na mai da shi 10, yanzu ina yin 20 zuwa 25 in jiki ya yarda. Ma'aunin da nake bi, in ina tafiya na iya gaisawa da maƙwabci ba tare da haki ya datse min magana ba toh saurin ya yi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, kar lissafin ya tsorata ka, ba a ce ka yi shi a tashi ɗaya ba, minti 10 sau uku a rana kwana biyar ya cika.

Sai bayan cin abinci, nan ne mu Hausawa muka fi cutar kanmu, a ci tuwo a miƙe a tabarma. Mai wannan ciwo kar ya kwanta sai bayan kamar awa 2. Ka ci kaɗan, sau 5 ko 6 a rana, ka ɗan zauna a miƙe, sannan ka tashi ka taka a hankali minti 10 ko 15 ko da zagayen tsakar gida ne. A hankali fa nake nufi, gudu ko tsalle ko ɗaukar kaya a wannan lokacin amai kawai zai jawo maka, kuma motsi mai tsanani yana ƙara jinkirta saukar abincin. Duk aikin duƙawa ma a ajiye shi, 'yan uwana mata wanki a duƙe da daka da shara da gajeriyar tsintsiya a mai da su kafin cin abinci ko a samu kujera da doguwar tsintsiya. Ni har sallar isha'i sai da na gyara mata tsari, in na ci abinci bayan magariba ina yin sujada sai na ji abun ya taso min har maƙogwaro, don haka na dawo da abincin dare wajen ƙarfe 5, zuwa masallaci a ƙafa kuma ya zama cikin lissafin tafiyata.

Tafiya kaɗai ba ta isa ba saboda ciwon yana ramar da mutum, kuma tsoka ma tana raguwa. Kwana biyu a sati ina zama kan kujera na tashi sau 10 ba tare da dafa komai ba, na huta, na sake. Ina dafa bango na tura jikina gaba da baya, ina ɗaga gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a kowane hannu. Irin motsin da ake kwanciya a matse ciki na bar shi gaba ɗaya.

Ruwa kuma kurɓa ake yi, kar ka ɗaga kofi ka shanye lokaci ɗaya don shi ma zama zai yi. A zafin Maris da Afrilu ba na fita in rana ta ɗaga. Ranar da na yi amai ina haɗa ruwan gishiri da suga, lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, amma mai ciwon suga ya fara tambayar likitansa yadda zai sha.

Masu allurar insulin ku kula sosai da wannan. Allurar na iya fara aiki abinci bai sauka ba, ka zo ka ƙara da tafiya sai suga ya faɗi. Ka gwada sugan jininka kafin ka fita, ka sa suga ko alewa a aljihu. In ka ji rawar jiki da gumi mai sanyi ko na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, ka tsaya ka sha suga kamar giram 15 a ruwa, wajen babban cokali ɗaya, ka jira minti 15 ka sake gwadawa. A ruwa na ce, don biskit ko biredi zai je ya maƙale a tumbi.

In jiki ya yi tsami bayan motsi don Allah kar a nemi tiramol ko kodin, irin waɗannan magunguna suna ƙara wa tumbi nawa. Maganin amai na metokulofiramid kuma yana sa wasu barci da jiri, in kana shansa kar ka hau keke sai ka ga yadda yake maka.

Akwai ranakun da ciwon ke tashi ba abun da ke zama a ciki, irin ranar ina zama a kujera na motsa ƙafa da kafaɗa, na ja numfashi a hankali har ciki ya ɗaga na sake, shikenan. In sauƙi ya samu ina komawa rabin abun da na saba, ba na cewa sai na rama na jiya. Amma in amai ya ƙi tsayawa har ruwa ba ya zama, ko ka ga jini a ciki, ko fitsari ya ragu sosai, ko ƙirji ya riƙe, ko jiri na neman kayar da kai, ka bar maganar motsa jiki a kai ka asibiti a ranar.