Mu masu son waya mai finga: kurakuran da muke tafkawa da yadda za a gyara su

Ni dai har yau iPhone SE ta 2020 ce a hannuna, mai madanni ɗaya ɗin nan a ƙasa, kuma duk majalisar da na fito da ita sai an samu mai cewa "Malam har yanzu kana nan?" Eh ina nan. Wayar tana aljihu zan zura hannu, babban yatsa ya hau kan madannin, kafin ta gama fitowa ta buɗe. Tana ajiye kan tebur ma ba sai na ɗaga ta ko na leƙo da fuskata ba, taɓawa kawai. Ƙanwata mai sa niƙabi ita ba ta ma sauraron zancen waya mai buɗewa da fuska, haka wani abokina mai tuƙa adaidaita da yake wuni da takunkumi saboda ƙura da hayaƙi. Gaskiya ne Apple sun gyara abin a 2022, aka zo fuska tana buɗewa ko da takunkumi, amma sai daga iPhone 12 zuwa sama, kuma sai ta ga kewayen idonka sosai.

To son finga, wato buɗe waya da zanen yatsa, ba ƙauyanci ba ne, zaɓi ne mai dalili. Abin da ke damuna shi ne yadda son nan yake rufe mana ido mu je mu zuba kuɗi a wayar da wata uku ba za ta yi ba sai kuka. Wasu kurakuran ni da kaina na yi su.

Na farko kuma wanda ya fi cin mutane, komawa baya da yawa. Mutum ya ji ana cewa tsohuwar waya ta fi, sai ya je ya ɗauko iPhone 6 don ya ga araha kuma ga madanni. Finga a iPhone ya fara ne da 5s a 2013, ya zo 6, 6s, 7 har 8 a 2017, shekarar da iPhone X ta fito da buɗewa da fuska. Amma kowacce akwai inda aka tsayar da ita wajen ofdet ɗin iOS, wato manhajar da ke tafiyar da iPhone. 5s da 6 a iOS 12 suka tsaya, 6s da 7 a iOS 15, 8 kuma a iOS 16. Kuma ba wai kwalliya kake rasawa ba, a 2025 WhatsApp ya daina aiki a 5s da 6 da 6 Plus gaba ɗaya saboda yana neman iOS 15.1. Ka duba fa, waya lafiyarta ƙalau, finga na yi, amma babu WhatsApp, a zamanin nan me za ka yi da ita? Af ɗin banki ma haka suke, sannu a hankali suna ɗaga mafi ƙarancin sigar da suke karɓa, wata rana ka tashi da safe za ka yi tiransifa a ce sai ka yi ofdet, ka je yin ofdet a ce wayarka ba ta kai ba.

Gyaran mai sauƙi ne. In iPhone kake so mai finga ka nemi SE ta 2020 ko ta 2022. Jikinsu irin na 8 ne, sikirin inci 4.7, amma injin ciki daban: ta 2020 injinta ɗaya da iPhone 11, ta 2022 kuma ɗaya da iPhone 13 har da 5G. Su ne na ƙarshe, don a watan Fabrairun 2025 Apple suka fito da 16e suka daina SE ɗin, daga nan babu sauran sabuwar iPhone mai madanni. Sai dai a kula, tunda jikin iri ɗaya ne ana iya miƙo maka 8 a ce SE ce. Juya bayanta, tambarin tuffa na SE a tsakiya yake cif, na 8 ya ɗan haura sama kuma akwai rubutun iPhone a ƙasansa. Ko bayan ma ana canzawa, saboda haka shiga Settings, General, About ka karanta sunan da wayar take kiran kanta da shi.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi min ciwo don a kaina ya faru. Mutane da yawa ba su san cewa madannin finga na iPhone an ɗaura masa aure da injin wayar tun daga kamfani ba. Kowane madanni da wayarsa. In ya lalace ko aka yanke siririyar igiyarsa, ko ka samo na wata iPhone orijina ka sa, finga ba zai dawo ba. A 2016 ma har rigima aka yi a kan wannan, lokacin da wayoyin da aka canza wa madanni a wajen masu gyara suka riƙa mutuwa suna nuna Error 53 in an yi ofdet, daga baya Apple suka gyara mutuwar amma finga ɗin bai dawo ba. Daga 7 zuwa sama kuma madannin ba ya ma lotsawa da gaske, wani ɗan inji ne a ciki yake motsi ka ji kamar ka danna, shi ya sa in wayar a kashe take za ka ji shi daskare kamar gilashi.

Wayata ta baya 7 ce, ta faɗi a bakin masallaci sikirin ya tsage, na kai wa wani yaro mai gyara ina sauri ban ce masa komai ba, na tafi na dawo. Ya miƙo min tana sheƙi, na biya, sai da na isa gida na ɗora yatsa shiru. Na sake shiru. Washegari na koma, ya buɗe, ga igiyar nan ya ɗan yage ta gefe wajen ɓamɓaro madannin daga tsohon sikirin, yagewar ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya ba ni haƙuri sosai kuma na san ba da gangan ya yi ba, amma abin da na sayi wayar dominsa ya tafi kenan. Tun daga ranar in za a canza min sikirin a gabana ake yi, kuma kafin a kunce ƙusa ɗaya nake cewa "dan Allah madannina na asali za ka mayar, ka bi shi a hankali", sannan na gwada finga a wajen kafin kuɗi ya fita daga hannuna.

Haka wajen sayen ta hannu, ko a Farm Centre ta Kano ce ko Banex ta Abuja ko hannun aboki. Kar ka yarda da "finga na yi Alhaji". Ka zauna ka yi rajistar yatsanka har ƙarshe, ka kulle ka buɗe sau biyar ko fiye. In ta rubuto cewa ba za ta iya kunna Touch ID ba, wato finga ɗin, ajiye ta. In aka ce "ofdet kawai take so" ko "filashin za a yi mata ya dawo", ba zai dawo ba. Masu gaskiya a kasuwa suna faɗa maka tun farko cewa wannan ba finga, su rage kuɗi, to kai da finga ya kawo ka me za ka yi da ragin? Kana nan zaune kuma ka tabbatar an cire iCloud, wato akawun ɗin Apple, na mai ita na baya, in Android ce a cire akawun ɗin Google, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali ko rasit, kuma ka karɓi rasit ɗin. Wayar sata ba ta da araha, ranar da aka biyo sawu kai za a tarar.

Sai batun yadda muke rajistar yatsan, nan kam kusan kowa na da laifi. A tsaye a shago cikin sauri, yatsa ɗaya, an danna tsakiya tsakiya an gama, bayan kwana biyu a fara cewa finga ɗin wayar nan ba shi da kyau. Madannin ba hoto yake ɗauka ba, tudu da kwarin zanen fatarka yake ji ta hanyar lantarki ɗan kaɗan, shi ya sa ruwa da maiƙo suke rikita shi. Ka fito daga alwala hannu jiƙe ba zai buɗe ba, ka gama cin ƙosai ko ka shafa basilin haka, ba lalacewa ya yi ba, goge yatsan da madannin da gefen riga ka sake. iPhone tana ɗaukar yatsu har biyar, ka yi amfani da su mana. Ni babban yatsan dama sau biyu na sa shi, ɗaya a yadda nake riƙe waya a tsaye ɗaya a karkace yadda nake zaro ta daga aljihu, sai babban yatsan hagu, sai manuni saboda in tana kan tebur.

Kuma lokacin hunturu daban ne. Fata ta bushe ta yi kaushi ta tsattsage, yatsan da ka yi rajista da damina ba shi ne na watan Janairu ba. Maimakon ka yi ta faɗa da waya, ka ware gurbi ɗaya ka sake rajistar yatsan a yadda yake a lokacin. Magina masu taɓa siminti, makanikai, mata masu yawan wanki da omo, su zanen nasu har gogewa yake yi, gara su zaɓi yatsan da bai cika shan wahala ba kamar na tsakiya ko na zobe. Lalle kuwa, madanni irin na iPhone da na bayan waya launi bai dame shi ba, in dai fatar ba ta kumbura ko ta saɓule ba. Wanda ke ƙarƙashin sikirin mai haska yatsa da fitila shi ne ke kallon hoto, shi ne baƙin lalle mai kauri zai iya ba wa wahala.

Yanzu abin da ba ma son ji. Finga yana buɗewa ko kana barci. Yaro ɗan shekara bakwai ya san ya ɗauki yatsan babansa ya ɗora, balle babba mai niyya. Apple da kansu sun ce yiwuwar yatsan wani ya buɗe wayarka ɗaya ce cikin 50,000, ta fuska kuma ɗaya cikin miliyan, to mu daina cika bakin cewa namu ya fi tsaro, ya fi sauƙi ne da dacewa da rayuwarmu. Abin yi, in za ka kwana a inda ba ka yarda da shi ba ko kana hanya ka ga alamar da ba ka gane ba, a 8 da SE ka danne madannin gefe tare da na ƙara murya har allon kashewa ya fito, a 7 zuwa ƙasa ka danna na gefe sau biyar da sauri, daga nan finga ya daina aiki sai an sa lambar sirri. Android da yawa suna da irinsa, Lockdown ake ce masa, ka nemo shi a setin tun kafin ranar buƙata. Ka kuma riƙa leƙa jerin yatsun da ke ciki lokaci lokaci, musamman bayan waya ta kwana wajen gyara ko ka ba wani lambarka, in ka ga guda huɗu alhali uku ka sa, goge duka ka sake.

Lambar sirrin ita kanta saboda mun saba da yatsa sai mu sa 1234 ko shekarar haihuwa, wasu kuma su manta ta kwata kwata. Alhali wayar za ta nema duk sanda aka kashe aka kunna, ko ta yi awa 48 ba a buɗe ba, ko yatsa ya faɗi sau biyar a jere. Ɓarawo kuma ba ruwansa da yatsanka, lambar yake leƙe, ko ma ya zare sim ya sa a ƙaramar waya ya fara gwada lambobin banki. Sa wa sim ɗinka PIN, minti biyu ne.

Batir a taƙaice: SE ƙaramin batir gare ta tun tana sabuwa, kuma batiran waɗannan wayoyin an yi su ne su riƙe kusan kashi 80 bayan caji cikakke 500. In ka ga lafiyar batirin ta yi ƙasa da 80 ka sa kuɗin canji cikin lissafi. In kuma ka ga waya mai shekara huɗu tana nuna 100 ka tambaya, ko an canza batir ne ko an taɓa lambar, ka riƙe ta minti goma kana kallon bidiyo ka ga yadda cajin ke sauka.

Akwai kuma masu zaton duk sabuwar waya ba ta da finga, sai su maƙale wa tsohuwa har ta zama haɗari. iPhone ce kawai ta bar shi. Tecno, Infinix, itel, Redmi da ƙananan Samsung da yawa suna nan da shi a jikin madannin kunnawa na gefe, kuma irin fasahar da muke so ce, mai sauri, ba ruwanta da sikirin gad. Na ƙarƙashin sikirin ne ke da kala biyu, mai haske da mai amfani da sautin da kunne ba ya ji irin wanda Samsung suka fara a S10 a 2019, wanda a shekarar aka gano wata robar kariya tana sa kowane yatsa ya buɗe sai da suka turo gyara. In irin wannan ka saya, bayan ka manna gilashin kariya ka goge yatsun ka sake rajista, kar ka yi kafin. Masu son Pixel 5 saboda finga ɗinta na baya, na gane ku wallahi, wayar ta yi, amma Google sun daina turo mata gyaran tsaro tun ƙarshen 2023, ni ba zan ajiye af ɗin bankina a kanta ba. Kuma buɗewa da fuska na ƙananan Android kyamarar gaba ce kawai, wasu har hoto na yaudararsu, kashe shi ka bar yatsa.

Tawa SE ɗin batirinta na biyu kenan, madanninta na asali, ta sha kaho mai kauri saboda ban shirya sake ganin yagaggiyar igiya ba. In ta gaza ta 2022 zan nema, in ita ma aka daina turo mata ofdet zan koma Android mai finga a gefe, ƙanwata ma ta riga ni komawa tun bara.